Jean-Michel Basquiat: Matashin da ya mayar da sandar fenti alƙalami

A shekarar 2017 an sayar da wani zanen ƙoƙon kan mutum a birnin New York kan dala miliyan 110.5. Mai zanen, Jean-Michel Basquiat, ya rasu tun shekaru 29 kafin wannan ciniki.

An haife shi ranar 22 ga Disamba 1960 a unguwar Brooklyn ta New York. Mahaifinsa ɗan Haiti ne, ƙasar da aka kwashi bayi da yawa zuwa cikinta daga gaɓar tekun Benin ta yau, musamman ta Ouidah. Mahaifiyarsa kuwa tushenta Puerto Rico. Ya tashi yana jin Faransanci da Sifaniyanci da Turanci.

Yana ɗan shekara bakwai mota ta buge shi. Yana jinya mahaifiyarsa ta kawo masa littafin likitoci mai hotunan sassan jikin ɗan Adam. Ƙasusuwan da ya gani a ciki sun yi ta fitowa a zanensa har ƙarshen rayuwarsa.

Da rubutu a bangon tituna ya fara. Da ya koma zane a kan ƙyalle da katako, sai ya riƙi sandar fenti. Garin launi ne ake kwaɓawa da mai da kaki, a daskarar da shi kamar ƙaton alli. Ba ta buƙatar buroshi, kuma tana bushewa kamar sauran fentin mai. Da ita yake zane da rubutu a lokaci guda: ya rubuta kalma, ya soke ta, ya sake rubutawa. Haka ya riƙa jera sunayen 'yan dambe da makaɗa baƙar fata, irin su Sugar Ray Robinson da Charlie Parker, yana ɗora wa gwanayensa kambin sarauta.

A 1982, yana da shekara 21, aka baje aikinsa a bikin Documenta na birnin Kassel a Jamus. A 1986 ya zo Afirka, inda aka nuna zanensa a Cibiyar Al'adun Faransa da ke Abidjan, har ya kai ziyara Korhogo.

Sai dai suna da kuɗi ba su raba shi da miyagun ƙwayoyi ba. Mutuwar abokin aikinsa Andy Warhol a 1987 ta ƙara jefa shi cikin damuwa. Ranar 12 ga Agusta 1988 ƙwayar heroin ta kashe shi a New York, yana da shekara 27, a daidai lokacin da yake shirin komawa Kwaddibuwa.