Sarki Muhammadu Rumfa da Yadda Kano Ta Zama Birnin Fatauci

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin al'adun Hausawa ya taɓa jin sunan Muhammadu Rumfa, sai dai galibi a gurguje ake ambatonsa, a ce shi ne ya gina fada, ya kawo kakaki, ya fara kulle, daga nan a wuce. Ni kuwa a wannan ɗan rubutu ina so in dube shi ta fuskar tattalin arziki, wato a matsayin shugaban da ya tsara yadda garinsa zai faɗaɗa, ya jawo fatake daga nesa, ya yi gogayya da sauran birane. Abin da gwamnatocin yau ke kira manufar bunƙasa ciniki da birane, wannan sarki ya yi irinsa fiye da shekara 500 da suka wuce. Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya fito ne daga littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Ingilishi a 1908, sai kuma rubuce-rubucen Shehu Magili da labaran baka na Kanawa.

Asalinsa da Kanon da ya gada

Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, jikan Sarki Abdullahi Burja, kuma shi ne sarki na 20 a jerin sarakunan gidan Bagauda. Ya hau gadon sarauta a 1463. Kanawa suna cewa kafin nan ya riƙe sarautar Makama, kuma gidan da ya zauna a lokacin shi ne Gidan Makama, wanda a yau ya zama gidan adana kayan tarihi.

Bai tarar da Kano a kwance ba. Tun zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka iso daga ƙasar Mali da addini da ciniki. A zamanin kakansa Burja (1438 zuwa 1452) aka buɗe hanyar da ta haɗa Barno da Gwanja, ƙasar da ke arewacin Gana ta yau, inda ake sayo goro da zinariya. A zamanin mahaifinsa kuma Abzinawa suka yawaita kawo gishiri, Fulani masu ilimi suka zo da littattafai daga Mali, Larabawa da Barebari suka fara zama a ƙasar Hausa. A can arewa, Agadas ta zama mazaunin sarkin Abzin, ayarin raƙuma ya sami zango tabbatacce tsakanin hamada da ƙasar Hausa.

Ke nan hanyoyi biyu ne suka gitta juna a ƙasar Hausa, ɗaya daga gabas zuwa yamma, ɗaya daga arewa zuwa kudu. Abin da ya rage shi ne wane gari ne zai zama mahaɗarsu. Katsina ta fi Kano kusa da bakin hamada, Zazzau ta fi ta kusa da kudu, kuma kowacensu tana da sarki mai ƙarfi a wannan ƙarni. Babu abin da ya wajabta wa ayari sauka a Kano. Sai an ba shi dalili, kuma dalilan da Rumfa ya bayar su ne zan bi ɗaya bayan ɗaya.

Kasuwar Kurmi

Babban aikinsa ta fuskar ciniki shi ne kafa Kasuwar Kurmi. Sunan da kansa ya nuna yadda wurin yake a da, wato kurmi ne mai duhuwa da fadama a gefen rafin Jakara. Aka sare shi aka mai da shi babbar kasuwa a tsakiyar birni.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne abin yabo a kafa kasuwa, alhali ko ƙauye yana da tasa? Amsar tana ga halin da falke yake ciki. Mutumin da ya yi wata biyu ko uku yana ratsa hamada daga Gadamus ko Tuwat yana buƙatar ya tarar da masu saye da masu sayarwa a wuri guda, ya san farashi ba tare da yawon gari ba, ya sami fatoma da zai sauke shi ya ajiye masa kaya, da dillalin da zai tsaya masa, da alƙalin da zai ƙwato masa haƙƙinsa idan an cuce shi. Kasuwar da ke ƙarƙashin idon sarki tana ba shi duk waɗannan. Shi ma sarki ya amfana, domin cinikin da ya taru wuri guda ya fi sauƙin tsarewa da karɓar haraji.

Daga arewa ana kawo gishiri da kanwa da jan ƙarfe da takarda da dawaki da tufafin Larabawa. Daga kudu maso yamma goro ke zuwa. Ita kuwa Kano tana da abin da za ta bayar, kuma wannan shi ne ƙarfinta: hatsi daga ƙasarta mai albarka, da jemammiyar fata, da saƙi, da rini. Har yau marinar Ƙofar Mata ana danganta kafuwarta da 1498, wato ƙarshen zamanin Rumfa. Garin da ke sarrafa kayansa ya fi wanda ke karɓar kuɗin wucewa kawai daɗewa a harka, domin ko hanya ta kauce, mai neman baƙin rini sai ya biyo shi.

Ganuwa da fada

Kasuwa na kawo jama'a, jama'a kuwa suna buƙatar wurin zama. Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) aka fara ta, amma ta yi wa garin kaɗan. Rumfa ya faɗaɗa ta, sabon ginin ya bi ta Ƙofar Mata har ya zagaya zuwa Ƙofar Na'isa. A cikin filin da aka ƙara ya gina sabuwar fada, Gidan Rumfa, wadda har yau ita ce fadar Kano.

Ganuwa a wancan zamani ta wuce kariya daga mahara. Ƙofofinta ne mashigar kaya, kowace da mai tsaronta, don haka an san abin da ya shigo da wanda ya shigo da shi. A cikinta kuma an bar filayen noma da kududdufai, yadda ko an yi wa gari ƙawanya ba zai mutu da yunwa nan da nan ba. Attajirin da zai ajiye dukiyarsa a wani gari yana fara duba wannan.

Baƙi da dokar mulki

Wajen 1492 Shehu Muhammadu bn Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan da ke Aljeriya ta yau, ya iso Kano bayan zamansa a Tuwat. Rumfa ya karɓe shi hannu biyu, ya nemi shawararsa a kan mulki. Shehun ya rubuta masa littafi mai babi 8 a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, wanda aka sani da Tajuddini. A ciki ya yi bayanin yadda za a naɗa ma'aikata a riƙa bincikensu, da wajibcin sarki ya zauna inda talaka zai iya kai masa kuka, da hanin karɓar toshiya, da hanyoyin da ya halatta a tara dukiyar hukuma da inda ya halatta a kashe ta. Da shawararsa aka gina masallacin Juma'a. Zuriyarsa ta zauna a Kano, su ne ake dangantawa da unguwar Sharifai.

Wannan ɓangare ana yawan kallonsa a matsayin tarihin addini kawai, alhali yana da nasaba ta kai tsaye da ciniki. Balaraben da ya ba da kaya bashi a Kano yana so ya tabbata cewa dokar da za a yi masa hukunci da ita ita ce wadda ya sani a Fas ko Alƙahira, kuma takardar da ya rubuta za ta yi aiki a gaban alƙali. Da Kano ta ɗauki wannan tsari, sai ta shiga cikin duniyar ciniki mai harshe ɗaya da doka ɗaya wadda ta miƙe daga Tambutu har Masar. Ba mamaki da aka yi wa Rumfa laƙabi da Balaraben Sarki.

A cikin gida kuma ya kafa majalisar da ake kira Tara ta Kano, ta manyan masu sarauta 9. Ya kuma fara bai wa bābanni manyan muƙamai, mutanen da ba su da 'ya'yan da za su gadar wa kujera, don haka biyayyarsu ga sarki kaɗai take. Kakaki da figini da dawakin zage da sauran kayan ƙawa da ya shigo da su suna nuna wa baƙo cewa ya iso ƙasar da ke da mai ita.

Tsadar wannan ɗaukaka

Ba zan yi wa 'yan'uwana ɗalibai adalci ba idan na tsaya a yabo. Cikin kayan da ake saye da sayarwa a kasuwannin wancan zamani har da mutane. Tun zamanin Burja ake kai hare-hare kudancin Kano ana kamo dubban bayi, wasu a zaunar da su a rinji suna noma, wasu a tura su hamada. Hatsin da ya ciyar da birni da ginin da ya ƙawata shi akwai gumin waɗannan bayin Allah a ciki. Tarihin Kano ya kuma nuna cewa Rumfa ya tara mata masu yawan gaske a fada, ya sa su a kulle.

Sai kuma yaƙi. A zamaninsa ne aka fara gwabzawa tsakanin Kano da Katsina, aka yi shekara 11 ba wanda ya rinjayi wani. Ni a ganina hanyar fatauci ce tushen rigimar, domin duk ayarin da ya sauke kaya a ɗayan garuruwan nan biyu, ɗayan ya yi asara. Wannan gaba ta ci gaba da tashi lokaci-lokaci har tsawon ƙarnuka.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Rumfa ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi ya gaje shi, bayansa kuma jikansa Muhammadu Kisoki. Matarsa Madaki Auwa, uwar Abdullahi, ta daɗe tana da faɗa a ji a fada. Ba a fi shekara 30 da rasuwarsa ba, marubucin nan Liyo Afirkanus ya siffanta Kano a matsayin gari mai ganuwa, mai attajirai da masu sana'a.

Abin da ya faru daga baya ya nuna cewa kasuwa ba ta riƙe kanta. A zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) an ɗora wa Kasuwar Kurmi haraji mai nauyi har ta kusa mutuwa, aka sa wa malamai ma, Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina. Kano ba ta sake karɓar gaba sosai ba sai a ƙarni na 19. Da Bajamushen nan Barth ya zo a 1851, ya tarar ana kai tufafin Kano har Tambutu da Tarabulus.

Akwai kuma wani abu da ya faro tun Rumfa yana raye, nesa da idonsa. A 1482 Turawan Fotugal suka gina sansaninsu a Elmina, a gaɓar tekun Gana, wajen 1486 kuma suka isa Benin. Sannu a hankali cinikin duniya ya juya daga raƙumi zuwa jirgin ruwa. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, garin ya juya wa hamada baya ya fuskanci Ikko, gyaɗa da fata suka riƙa gangarowa teku.

Abin lura ga ɗalibin harshe

Sawun wannan fatauci yana nan a bakinmu. Masana harshe sun nuna cewa kalmar kasuwa daga Larabci take, ta biyo ta harshen Barebari inda ake cewa kasugu. Raƙumi da takarda ta hannun Abzinawa suka shigo. Albasa daga Larabci take, ta wuce har cikin Yarabanci ta zama alubosa. Goron da Hausawa suka daɗe suna fatauci, Yarabawa suna kiransa obi gbanja, sunan Gwanja ke nan bai ɓace ba. Mu da muke karatun Hausa a nan kudu, kusa da unguwannin Sabo da kasuwannin goro da na shanu, muna zaune ne a ƙarshen hanyar da aka fara sharewa a wancan ƙarni.

Kammalawa

A 2019 Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, a cikin shekarar kuma ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai a Disamban 2020. Yawancin masaƙun Kano da Kaduna sun daina aiki, atamfar da ta cika Kantin Kwari galibi daga Sin take zuwa, ganuwar da Rumfa ya faɗaɗa kuwa gine-gine da zaizayar ƙasa sun cinye da yawa daga cikinta. Ina ganin duk mai tsara manufar ciniki a ƙasar nan zai ƙaru idan ya karanta zamanin Rumfa tare da na Kumbari. Na farko ya ba baƙo masauki da tsaro da alƙali, ya kuma tabbatar garinsa yana da abin sayarwa na kansa, sai fatake suka zo. Na biyu ya matsa wa kasuwar da ya gada da haraji, fataken suka ɗaura kaya suka nufi Katsina. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, duk wanda tafiya ta kai shi Kano ya shiga Kurmi ya zagaya rumfunan dukawa da na masu sayar da rini, ya saurari kalmomin da ake ciniki da su, ya rubuta su, domin akwai aikin bincike mai yawa da ke jiranmu a wurin.