Hajiya Gambo Sawaba: Ta Ƙi Yin Shiru

A bikin cikar shekarar ƙungiyarmu ta bana mun ga ya dace mu tuna da wata uwa tamu, ’yar nan Zariya, Hajiya Gambo Sawaba.

An haife ta a 1933, sunanta na yanka Hajaratu, aka kira ta Gambo don ta biyo tagwaye. Mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya. A firamare ta En’e da ke Tudun Wada ta fara karatu, amma bai yi nisa ba: iyayen suka rasu, aka yi mata aure tana ’yar shekara 13.

Tana da shekara 17 ta shiga NEPU, jam’iyyar su Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950 don talakawa. A lokacin nan fa, ko namiji mai gemu sai ya waiga kafin ya ambaci sunan jam’iyyar, don tsoron dogarai da kotun alƙali. Ita kuwa ta zama shugabar mata a Sabon Gari, tana hawa dandamali tana magana a kan auren ƙananan yara, da aikin tilas, da haraji, da karatun ’ya’ya mata. Har Abeokuta ta je wurin Funmilayo Ransome-Kuti ta ga yadda matan can suka haɗa kai.

A Kano gida-gida ta riƙa bi tana shiga wurin matan kulle. Hukuma ta kira wannan tawaye, aka ɗaure ta, aka kore ta daga garin. Sau 16 ana kai ta gidan yari, ban da dukan da ta sha a hannun ’yan banga. To, me ta nema? Ba sarauta ba, ba dukiya ba. Babban abin shi ne a bar macen Arewa ta jefa ƙuri’a kamar ’yar’uwarta ta Kudu. Sai a 1976 aka yarda. Mu dai a ganinmu, wanda ya hana ai shi ya kamata a tuhuma, ba wadda ta tambaya ba.

Gidanta kuwa kullum cike yake da marayu da marasa lafiya, tana ci da su. Ta rasu a Oktoba 2001, Allah ya jiƙanta. Yau babban asibitin Ƙofar Gayan, inda da yawanmu muka je awo muka haihu, sunanta yake ɗauke da shi.