Tarihin Ip Man, malamin Bruce Lee

An haifi Ip Man a shekarar 1893 a garin Foshan da ke kudancin China, a gidan masu hali.

Tun yana yaro ya fara koyon Wing Chun, wani salon faɗan kung fu na gaba da gaba, a hannun Chan Wah-shun.

Ya yi aikin ɗan sanda a zamanin gwamnatin Kuomintang, sannan ya koma Hong Kong a 1949, lokacin da 'yan kwaminis suka karɓe mulki.

Rashin abin hannu ne ya sa shi buɗe makaranta a can. Ɗalibansa na farko ma'aikatan gidajen abinci ne. Daga baya Bruce Lee ya shiga sahunsu yana matashi, kafin ya tafi Amurka a 1959.

Da dama sun san Ip Man ne ta fim ɗin 2008, wanda Donnie Yen ya fito a matsayinsa, ko da yake karawar da aka nuna ya yi da janar ɗin Japan ƙagen masu fim ce.

Wannan ya sa wasu ke ganin albarkacin ɗalibinsa kawai yake ci. To amma kafin zuwansa Hong Kong, ba kowa ya san Wing Chun ba a wajen yankinsu, kuma akasarin makarantun salon a Turai da Amurka, salsalarsu na komawa gare shi.

Ya mutu ranar 2 ga watan Disamban 1972 sakamakon ciwon dajin maƙogwaro, watanni bakwai kafin mutuwar Bruce Lee.