Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

A ƙasar Nijeriya, can kudu da Zariya da Kaduna, akwai wani gari da ake kira Kwali. Garin Gwarawa ne, ƙasa ce mai duwatsu da itatuwa da ruwan sama mai yawa. A nan ne aka haifi wata yarinya wajen shekarar 1925. Ana kiranta Ladi, sunan da Hausawa kan ba yarinyar da aka haifa ran Lahadi. Da ta girma ta yi suna, sai aka haɗa sunanta da na garinsu, ta zama Ladi Kwali.

A ƙasar Gwari ginin tukwane sana'ar mata ce. Su ke haƙo yumɓu, su jiƙa shi, su kwaɓa, su gina, su toya. Ladi ba ta shiga makarantar boko ba. Tun tana ƙarama aka sa ta wurin wata ƴar'uwar iyayenta, maginiya, ta koyi sana'ar a hannunta.

Ga yadda suke ginin. Maginiya takan ɗauki curin yumɓu ta ajiye a gabanta. Sai ta naushe tsakiyarsa ya yi rami, ta riƙa jawo gefen sama da yatsunta. In yumɓun ya kasa, sai ta murza wani kamar igiya, ta ɗora a baki, ta shafe. Tukunyar ba ta motsi. Maginiyar ce take kewaya ta a sunkuye, tana tafiya tana ja, har cikin randa ya fito, wuya ya tashi, baki ya daidaita. Ba ma'auni, ba injin. Ido ne da hannu kawai. Duk da haka randar Ladi takan fito daidai ta kowane gefe, kamar an auna.

Kafin yumɓun ya bushe sarai, sai a yi masa ado. A nan ne Ladi ta fi sauran mata. Takan mirgina ɗan guntun igiya ko ɗan icce mai tsaga a jikin randa, ya bar layuka masu kyau. Sa'an nan ta raba cikin randar gida-gida. A kowane gida sai ta zana wata dabba da ɗan tsinke mai kaifi: nan kunama ta ɗaga ƙari, can ƙadangare, gaba kada, ga hawainiya, ga maciji, ga kifi, ga tsuntsu. Dabbobi ne da kowane yaron ƙauye ya sani, ko ya gan su a gona da bakin rafi, ko ya ji labarinsu a tatsuniya da dare. Wanda yake son ganin zanen duka, tilas ya kewaya randar, kamar yadda mai ita ta kewaya ta lokacin gini.

In tukwane sun bushe, sai a tara su a fili, a rufe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Suna da zafi ake yayyafa musu ruwan makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, su yi duhu da sheƙi.

Ba a daɗe ba labarin tukwanen Ladi ya bazu a kasuwanni. Har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya mallaki waɗansu, ya ajiye su a gidansa. Ku lura, ba Abuja babban birnin Nijeriya na yanzu ake nufi ba. Tsohuwar Abuja ce, wadda sarakunan Hausa na Zazzau suka kafa a 1828. Ita ce yau ake kira Suleja, bayan da aka ba sabon birnin sunanta.

A shekarar 1950 wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Cardew ya zo ƙasar. Shi ma maginin tukwane ne. Gwamnati ce ta ɗauke shi aiki don ya zaga ya ga yadda ake ginin tukwane a ƙasar. Da ya sauka a Abuja, sai ya ga randunan Ladi a gidan Sarki. Kyansu ya ba shi mamaki ƙwarai. Ya ga kuma wurin yana da yumɓu mai kyau da ruwa da itacen wuta, ga Sarki yana goyon baya. Saboda haka a nan ya kafa makarantar koyon ginin tukwane, ta fara aiki a 1952.

Ɗaliban farko duka maza ne. Sai a 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko. A lokacin ta riga ta ƙware a sana'arta, amma ta zauna ta koyi sababbin abubuwa kamar ƴar koyo. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, wanda ake shurawa da ƙafa. Ta koyi shafa wa tukunya ruwan ƙyalli irin na tangaran. Ta koyi toyi a rufaffiyar matoya, inda zafin wuta yake wuce digiri 1200. Ta yi faranti da kwanoni da kofuna da butoci. A gindin kowane ɗaya takan buga hatiminta mai baƙaƙe biyu, L da K.

Wani zai zaci daga nan za ta yar da ginin gargajiya, tunda ga hanyar Turawa mai sauri. Ladi ba ta yar ba. Ta ci gaba da gina manyan randunanta da hannu, tana kewaya su kamar yadda aka koya mata a Kwali. Abin da ta yi shi ne ta haɗa hanyoyin biyu. Takan zana dabbobinta kamar da, sai ta cika tsagar zanen da farar ƙasa, ta shafe randar da ruwan ƙyalli, a sa ta a babbar matoya. In ta fito, sai ka ga kunama da kada suna haske fari a ƙarƙashin ƙyalli, kamar ana hango su a cikin ruwa.

Amma akwai abin da aka rasa. Randar gargajiya ba ta da nauyi sosai, kuma tana tsatsafo, shi ya sa ruwanta yake sanyi. Sabuwar randar kuwa ta yi tauri kamar dutse, ta yi nauyi, ba ta tsatsafo. Ba macen da za ta ɗauke ta zuwa rafi, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin mutanen ƙauye. Ta tashi daga kayan aikin gida, ta koma abin kallo. Masu sayenta manyan mutane ne da baƙi da gidajen tarihi. Matan Gwari kuwa suka ci gaba da shan ruwa a irin randar da, wadda ake toyawa a fili.

An kai tukwanen Abuja birnin Landan, an nuna su a 1958 da 1959 da 1962. Na Ladi ne mutane suka fi rububi. A 1962 ita da kanta ta tafi Ingila. Ta je makarantun koyon zane da gini, ta sunkuya a gaban malamai da ɗalibai, ta gina randa tun daga curin yumɓu har baki. Ba ta bukaci dogon bayani ba, aikin hannunta ya isa. Bayan haka ta je Faransa da Jamus. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma ta MBE. A 1972 kuma ta zaga ƙasar Amurka tare da Cardew, tana nuna ginin Gwari a jami'o'i.

Da Ladi ta buɗe hanya, waɗansu mata suka biyo ta makarantar Abuja, kamar su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa. Cardew ya bar aiki a 1965, amma Ladi ta zauna tana gini tana koyarwa. Har daga ƙasashen waje ake zuwa wurinta. A 1974 wata budurwa ƴar ƙasar Kenya, Magdalene Odundo, ta zo Abuja ta koyi ginin hannu wurin Ladi da abokan aikinta. Daga baya ita ma ta zama shahararriyar maginiya a duniya.

A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Matar da ba ta taɓa zama a aji ba, ga ta cikin rigar manyan malamai! Tun daga ranar ake ce mata Dakta Ladi Kwali. Gwamnatin Nijeriya ma ta ba ta lambobin girma a 1980 da 1981, aka kuma sa wa makarantar ginin tukwanen sunanta.

Ladi Kwali ta rasu a garin Minna ran 12 ga watan Agusta, 1984, shekara guda bayan rasuwar Cardew.

Randunanta suna nan a gidajen tarihi na Landan da Washinton. A sabuwar Abuja akwai titi mai sunanta. A shekarar 2007 aka buga sabuwar takardar naira 20. A gabanta akwai hoton Janar Murtala Muhammad. In an juya bayanta, sai a ga Ladi Kwali da ɗankwalinta, tana aikin ginin tukunya.