Robert Moog, injiniyan da ya shekara fiye da 20 ba shi da iko da sunansa

An haifi Robert Moog a birnin New York na Amurka a 1934. Tun yana ɗan makaranta ya fara haɗa teremin, wata na'urar kiɗa da ake kaɗawa da motsin hannu ba tare da an taɓa ta ba, kuma cinikinta ya taimaka masa har ya samu digirin dakta a Jami'ar Cornell.

A 1964, tare da makaɗi Herb Deutsch, ya fito da sintetaiza mai akwatuna daban-daban da ake haɗawa da wayoyi. Akwatin farko, osilato, shi ke haifar da sauti daga wutar lantarki tsagwaronta. In an ƙara masa bolt 1, kaɗawar sautin ta ninka biyu, murya ta hau sama. Amma abin da ya fito da Moog shi ne akwati na biyu, filta. Aikinsa aikin rariya ne: ya tankaɗe sauti, ya riƙe kaifin, ya bar kaurin ya wuce. Moog ya jera transistoci bibbiyu kamar matakan tsani, kuma idan wuta ta yi musu yawa sai sautin ya ɗan dishe. A wurin injiniya wannan aibi ne. Makaɗa kuwa shi suka zo nema.

Faifan Switched-On Bach na Wendy Carlos, a 1968, ya ci lambobin Grammy 3, sai ga Beatles sun sa na'urar a faifansu Abbey Road. A 1970 aka fitar da Minimoog, ƙarama mai ɗaukuwa.

Sai dai gwanin ƙira ba gwanin kasuwa ba ne. Cikin duk akwatunan, filtar kaɗai ya yi wa rajistar mallaka, sauran dabarun kowa ya kwasa. Bashi ya sa ya sayar da kamfanin a 1971, ya zama ma'aikaci a gidan da ya gina, ya fice a 1977 ya bar sunansa a hannun wasu. Ya koma jihar North Carolina yana ƙera teremin da sunan Big Briar.

Sai a 2002 sunan ya dawo hannunsa bayan shari'a. Shekara 3 kacal ya more shi: ciwon daji na ƙwaƙwalwa ya yi ajalinsa a Asheville ranar 21 ga Agusta 2005, yana da shekara 71.