Henry Moseley, Baturen da Ya Ba Kowane Sinadari Lambarsa

Yau za mu ba masu karatu tarihin wani Bature wanda bai cika shekara 28 a duniya ba, amma aikin da ya yi cikin shekara biyu yana nan a littafin kimiyya na kowane ɗan makaranta, daga Ingila har Dudunni da Kankiya da Kusada. Sunansa Henry Moseley.

An haife shi ran 23 ga Nuwamba, 1887, a garin Weymouth, kudancin Ingila. Ubansa babban malami ne a Jami'ar Oxford, ya kuwa rasu tun yaron bai cika shekara huɗu ba. Ya yi karatu a Eton da Oxford, sa'an nan cikin 1910 ya tafi Manchester, ya kama aiki a ƙarƙashin Ernest Rutherford.

Kafin mu faɗi abin da ya gano, sai mu ɗan yi shimfiɗa. Ƙarfen da maƙeri ke bugawa, da kuzar Jos, da azurfar zobe, kowanne sinadari ne mai zaman kansa, kowanne kuma tarin ƙwayoyin zarra ne waɗanda ido ba ya gani. Cikin 1911 Rutherford ya nuna cewa kowace zarra tana da cibiya, inda kusan dukan nauyinta yake, wasu 'yan ƙwayoyi marasa nauyi da ake kira ilektoron kuma suna kewaye da ita. Yanzu mun sani cibiyar nan iri biyu ta ƙunsa, watau furoton da niyutoron.

To, mene ne ya sa ƙarfe ya zama ƙarfe, bai zama dalma ba? Tun 1869 Mendeleev, mutumin Rasha, ya jera sinadarai bisa ga nauyinsu, jerin kuwa ya yi amfani ƙwarai. Amma akwai wuraren da ya ƙi zama. Kobal ya ɗara nikel nauyi kaɗan, duk da haka halinsa ya nuna shi ya kamata ya riga. Kowane magatakarda ya san wahalar rajistar da ba ta da lamba: in takarda ta ɓace, ba mai sanin ta ɓace.

Nan Moseley ya shigo. Ya ɗauki bututun gilashi ya zuƙe iskar ciki, ya jera gutsattsarin ƙarafa a kan 'yar amalanke a cikinsa, yana jawo su ɗaya bayan ɗaya yana harbinsu da ilektoron. Kowane ƙarfe sai ya fid da hasken nan mai ratsa jiki wanda likitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Da ya auna hasken ya yi lissafi, sai ya ga daga wannan sinadari zuwa na gaba yana hawa daidai wa daida, kamar matakalar bene. Ya gane akwai wani abu a cibiyar zarra da ke ƙaruwa da ɗaya ɗaya. Ya buga sakamakon cikin 1913 da 1914, ya bi jerin tun daga alminiyam har zinariya.

Abin nan da ke ƙaruwa shi ne yawan furoton, ko da yake sunan bai fito ba sai 1920. Ƙarfe yana da 26, kobal 27, nikel 28, jan ƙarfe 29, azurfa 47, kuza 50, zinariya 79, dalma 82. Niyutoron, wanda Chadwick ya gano cikin 1932, yana ƙara wa zarra nauyi, amma ba ya sake mata suna, shi ya sa nauyi ya ruɗi mutanen farko. Muna roƙon malamai su tsaya a kan wannan sosai, gama mun sha ganin yara sun haddace jerin sarai ba su san dalilin lambobin ba. Masu neman mai da dalma zinariya a zamanin da, furoton uku ne suka tsaya tsakaninsu da bukatarsu, wutar maƙera kuwa ba ta kai ga cibiyar zarra.

Da yake yanzu rajista ta sami lamba, sai giɓi ya bayyana. Moseley ya nuna ba kowa a gurbi na 43, da 61, da 72, da 75.

Yana Ostareliya wajen taron masana cikin 1914 Yaƙin Duniya na Farko ya tashi. Ya komo gida ya shiga soja, a rundunar injiniyoyi, aka sa shi hafsan sadarwa. Danginsa sun so ya zauna, ya ƙi. Ran 10 ga Agusta, 1915, a Gallipoli ta ƙasar Turkiyya, harsashi ya same shi a ka, ya mutu yana da shekara 27. A ganinmu hukumar da ta bar irin wannan mutum ya je bakin daga ta yi hasarar da ba ta san girmanta ba.

Gurabun nan huɗu kuwa duk an cike su bayansa. An sami na 72 cikin 1923, na 75 cikin 1925, na 43 cikin 1937. Na 61 bai samu ba sai 1945, shekara talatin bayan rasuwarsa.