Tanimun ɗan Suleman, Sarkin Damagaram

Ƴan uwa na gida da na ci-rani, dattijai iyayenmu, wannan karo mun ɗauko muku tarihin Sarki Tanimun. Yaranmu na lakwal suna haddace sunansa da faransanci domin jarrabawa, amma kaɗan ne suka san abin da mutumin ya sa gaba. Mu kuwa mutanen Tsauni da Matamai da Kance, ƙasarmu tana cikin abin da ya mallaka, don haka labarin namu ne.

Ubansa Suleman shi ne ya kafa kujerar sarauta a garin da Nasara suke kira Zinder. A zamanin nan Damagaram ƙaramar ƙasa ce mai kai gaisuwa ga Shehun Barno a Kukawa. Tanimun ya tashi yana ganin wannan, bai kuwa ji daɗinsa ba. Ya hau gadon sarauta a 1841 bayan ya ture ɗan uwansa Ibrahim, amma shekara biyu kawai ya yi, a 1843 sarauta ta koma hannun Ibrahim. Wani da ya haƙura ya nemi gona. Shi ya yi shekaru yana jira, har a farkon shekarun 1850 ya dawo, bai sake sauka ba sai mutuwarsa a 1884.

A ganinmu jiran nan ne ya koya masa darasi. Ya gane cewa sarkin da ba shi da garu, ba shi da bindiga, ba shi da dukiyar kansa, aron rawani ya yi. Duk aikin da ya yi bayan haka, in kun duba, amsar wannan matsala ce guda ɗaya.

Ya fara da garu. Ya kewaye Birni da katangar ƙasa, aikin da ba a gama shi da rani ɗaya. Sannan bindiga. Bai tsaya ga sayen ta wajen fatake ba, ya sa maƙera suna zuba igwa a cikin garin, ana kuma haɗa albarushi a nan gida. Ku tuna babu mota, babu injin, sai zuga-zugi da gawayi. Kuɗin wannan duka daga fatauci ya fito. Ya jawo ayarin raƙuma masu bi ta Agadas zuwa Tarabulus, Buzaye da Larabawa suka zauna a unguwar Zango bayan garu, ana fitar da fatu da gashin jimina, ana shigo da tufafi da makamai.

Da ƙarfi ya samu sai ya faɗaɗa ƙasa, Mirya da sauran garuruwan Sosebaki suka bi shi. Abin lura, bai yi gaggawar yanke igiya da Barno ba. Ya bar sunan biyayya yana nan, iko kuwa yana hannunsa.

Kada mu ɓoye muku ɗayan gefen. Cikin kayan da ayarin nan yake ɗauka zuwa arewa har da bayi, mutane kamar mu, waɗanda aka kamo wajen hari. Ƙasar garun nan kuma ba sarki ne ya kwaɓa ta ba, talakawa ne suka ɗauke ta a ka. Dattijai, in kuna da abin da kuka ji daga kakanni game da yadda ƙauyukanmu suka sha a lokacin, ku faɗa wa yara tun kuna da rai. Muna yaba tsayuwarsa kan abu guda fiye da shekara 30, ba mu yaba duk hanyar da ya bi ba.

Bayan rasuwarsa da shekara 15, a 1899, sojan Faransa suka ci ɗansa Amadu Kuran Daga da yaƙi a Tirmini, suka shiga Damagaram. Garun ya zube, sai ɗan abin da ya saura. Fadar kuwa tana nan a Birni, Sarkin Damagaram yana zaune cikinta. Wanda hanya ta kai shi birnin, ya ratsa ya gani.